Kada ka haɗa baƙin 'ya'yan agwagwa da na gida a rana ɗaya

Ka ce 'ya'yan agwagwarka shida sun cika mako uku, kuma an yi maka tayin wasu huɗu 'yan mako ɗaya a kasuwa. Kana tambaya ko ka zuba su wuri ɗaya tunda duk agwagi ne. A'a, ɗana. In suna da kuzari ka saya, amma kowa da kwalinsa tukuna, kuma za a ɗauki kusan wata guda kafin su kwana tare.

Cuta ce abin tsoro na farko. Tsuntsun kasuwa ya zauna a keji ɗaya da kaji da zabi da tantabaru daga garuruwa daban-daban. Agwagwa kuma tana iya ɗauke da murar tsuntsaye tana ci tana sha, ba ka ga komai a jikinta ba, sai kajin gida su fara zubewa. Tun da cutar ta ɓulla a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna a farkon 2006 take tafiya tana dawowa, kuma kasuwar tsuntsaye na cikin manyan hanyoyinta. Don haka ka ware baƙin na mako uku a wani ɗaki daban, ba wani lungu na ɗakin da na gida suke ba. Mazubin ruwansu daban, na abinci daban. Kullum ka fara kula da na gida, baƙin su zama na ƙarshe, sannan ka wanke hannu da sabulu, ka sauya silifa. Abin da za ka sa wa ido shi ne majina, kwantsa a ido, zawo kore ko fari da ya manne a bayansu, karkacewar wuya, da tangaɗi. In biyu ko uku suka mutu a kwana ɗaya, ka binne su da zurfi, ka nemi likitan dabbobi, kada ka tsaya gwajin magunguna.

Ko da lafiyarsu ƙalau ce, akwai girma. Ɗan mako uku ya ninka ɗan mako ɗaya nauyi sau uku ko fiye. Ba sai ya yi faɗa ba. Zai taka shi a wurin abinci, ya ture shi daga ruwa, da dare kuma in sun taru don ɗumi ƙaramin ne ke ƙarewa a ƙasa. Da safe ka same shi a danne.

Ɗumin da suke so ma ba ɗaya ba ne. Makon farko ɗan agwagwa na buƙatar kamar digiri 32, ana rage kusan digiri 3 kowane mako. Naka na gida sun kusa rabuwa da wuta, baƙin kuwa da saura. In babu ma'aunin zafi, su da kansu za su gaya maka: sun cunkushe ƙarƙashin fitila suna kuka, sanyi ne, sun gudu gefe baki buɗe suna haki, zafi ya yi yawa. A bazara ɗumin dare kaɗai ya isa, wani lokaci ma inuwa suka fi buƙata. A hunturu ne aikin yake. In da kaskon gawayi za ka ɗumama su, ka bari ya ruru a waje hayaƙin ya ƙare, ka kewaye shi da raga, ka bar kafar iska ta sama. Gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe su gaba ɗaya.

Ƙasan kwalin ka shimfiɗa buntun shinkafa ko ɓawon katako busasshe, kaurin yatsu uku. Ban da leda, ban da jarida: santsi ke sa ƙafafunsu su baje gefe da gefe, kuma in aka yi sakaci haka za su girma. Shimfiɗar da ta jiƙe ka kwashe ta a ranar, domin fumfunar da ke tsirowa a ciki tana kama musu huhu.

Ruwa ne ke kashe 'ya'yan agwagwa fiye da yadda mutane ke zato, saboda kowa ya ɗauka ɗan agwagwa da iyo aka haife shi. Wanda ke bin uwarsa yana samun maiƙon gashinta a jikinsa. Na kwali ba shi da wannan, gashinsa shan ruwa yake yi, sanyi ya kama shi ko ya nutse a roba. Amma kuma dole ya samu ruwan da zai tsoma baki har hanci, don wanke kafofin hancinsa da idonsa. Ka samu ƙaramar jarka, ka yanka mata taga a gefe daidai inda kai zai shiga amma jiki ba zai wuce ba. Kada ka taɓa ba su busasshen abinci babu ruwa kusa, yana shaƙe su. Wanka sai bayan mako biyu, da rana tsaka, a ruwa mai ɗan ɗumi da bai wuce ƙirjinsu ba, minti biyar zuwa goma, kana tsaye a kansu.

Abinci kuwa, na 'yan tsaki na buhu da ake kira sitata ya yi, mai furotin kashi 20 zuwa 22 cikin ɗari, na mako biyu zuwa uku. Daga nan ka sauko zuwa na masu tasowa, kashi 16 zuwa 18. In ka daɗe da su a kan mai ƙarfi, bakin fukafukinsu na iya murɗewa waje. Abincin kaji masu ƙwai bai dace da su ba, sinadarin ƙashin da ke ciki ya yi wa ƙodarsu yawa. Sannan agwagwa ta fi kaza buƙatar bitamin B3, rashinsa ne ke sa ƙafa ta lanƙwashe, ka ga ɗan agwagwa ya yi taku kaɗan ya zauna. Ka sayi garin bitamin na zubawa a ruwa, ka duba takardar akwai B3 a ciki. Ganyen zogale yankakke, gara da tana duk ƙari ne mai kyau, da ɗan yashi mai tsabta a gefe. Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne tunkuza ko masara mai fumfuna. Gubar da ke cikinta tana lalata hanta, kuma cikin tsuntsayen gida ɗan agwagwa na cikin waɗanda suka fi kasa jure mata.

To, mako uku ya cika lafiya. Baƙin sun kai mako huɗu, naka mako shida, ratar ta ragu. Yanzu ka kawo su wuri ɗaya amma da ragar waya a tsakani, ta yadda za su ga juna, su ji kukan juna, baki bai kai ga jiki ba. Ka ajiye abincin kowane ɓangare jikin ragar don su saba ci kusa da juna. Mako ɗaya haka. In ka ga sun fara kwanciya a jikin ragar, waɗannan ta nan waɗancan ta can, lokaci ya yi.

Haɗuwar farko kada ta zama a akurkin na gida, don suna ganin nasu ne. Ka fito da su tsakar gida ko wani fili da kowa baƙo ne a cikinsa, ka watsa ganye, ka sa mazubin abinci biyu da na ruwa biyu nesa da juna. Rabin sa'a ya isa ranar farko, kana wurin, kana kuma duba sama saboda shirwa da hankaka. Ɗan cizon wuya da kora ba komai ba ne, suna tantance babba ne. Amma in aka fige gashi har jini, ko aka tsare ɗaya a lungu aka hana shi ruwa, ka cire mai cin zalin, ba wanda ake zalunta ba, ka tsare shi kwana biyu ko uku. In ya dawo, shi ne baƙo. Kwana tare sai sun yi yini uku a jere babu rigima.

Manyan agwagi kuma wani zance ne. Kada ka tura ƙananan wurin uwar da ba ta ƙyanƙyashe su ba, za ta sassare su. Dabarar cusa mata da dare tana yiwuwa ne kawai a kwana ɗaya ko biyu na farko bayan ƙyanƙyasa. Toro, wato namijin agwagwa, ya fi haɗari, yana iya kashe su. Ka jira gashinsu ya cika, wajen mako goma zuwa sha biyu ga agwagwarmu mai jan fuska, sannan ka sake bin hanyar raga. A lokacin za ka iya bambance maza da girman jiki da kaurin ƙafa. Ka bar toro ɗaya ga mata huɗu ko biyar, sauran ka yi musu kasuwa kafin su fara faɗa.