Kamfanin yana da lambar LEI, in zuba kuɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani kamfani a intanet ya ce in zuba naira miliyan 2, duk wata in riƙa karɓar riba. Sun turo mini takarda mai lambar LEI da ta ISIN, wai shaidar hukumomin duniya sun amince da su. Kuɗin marayu ne, hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki tura ko sisi tukuna.

LEI, mai haruffa da alƙaluma 20, iyakacin aikinta ta faɗi sunan kamfani, adireshinsa, inda ya yi rajista da uwar kamfaninsa. An ƙirƙiro ta ne bayan rushewar bankin Amurka Lehman Brothers a 2008, da bankuna suka kasa tantance da wa suka ƙulla ciniki. ISIN kuwa 12 ce, kuma ta takardar hannun jari ko ta bashi ce, ba ta kamfani ba. Haruffa biyun farko na nuna ƙasa ne, kamar NG ko US.

Abin da ke ba ni takaici kullum shi ne masu ɗaukar waɗannan lambobi a matsayin lasisi. Ba lasisi ba ne! Duk kamfani mai rajista, ya biya kuɗi, zai samu LEI. Masu bayarwa suna duba takardun rajista ne kawai, ba ruwansu da ko yana da kuɗi a asusu, ko yana da izinin karɓar kuɗin jama'a. Kamar lambar mota ce, ba ta gaya miki ko birki na ci. Kuma lambobin a fili suke kyauta, saboda haka 'yan damfara kan kwafe ta wani banki su manna a takardarsu, su ƙawata da tambari. Masu tallata musu a WhatsApp ma ba su san me lambar ke nufi ba, lada suke nema.

Ki shiga shafin GLEIF, gidauniyar da ke kula da lambobin LEI a duniya, ki saka lambar LEI ɗin. Sunan da ya fito ya yi daidai, harafi da harafi, da sunan asusun da aka ce ki tura kuɗi. In asusun mutum ne, magana ta ƙare. In kin ga LAPSED, ba su sabunta ba, alhali duk shekara ake yi. ISIN mai NG kuwa CSCS, kamfanin da ke adana bayanan hannun jari a Najeriya, ke bayarwa, dillalin hannun jari mai rajista zai duba miki. Izinin karɓar jarin jama'a a Najeriya wajen SEC yake, wato hukumar kula da kasuwar hannun jari. In babu sunansu a jerin shafinta, ki bar kuɗin marayun inda suke.