Amsar kawunka kan gaisuwar mutanen Ibadan

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma ji tambayarka: wai uwar gidan da kake haya tana yi maka magana kamar da faɗa, yaran gidan kuma suna kwanciya ruf da ciki in za su gaishe ta, shin kai ma dole ka yi haka, ko dai ka tattara kayanka ka koma Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, cikin 'yan'uwa?

Kada ka tashi tukuna. Ɗaga murya a wurin Yarbawa ba lallai faɗa ba ne, haka da yawansu ke hira, har da wanda suke ƙauna. Ka lura da abin da take yi, ba ƙarar muryarta kaɗai ba. Kai da kanka ka ce ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ita ta aiko maka da koko da ƙosai, ta kuma sa ɗanta ya ɗebo maka ruwa. To wannan ce matar da kake zaune da ita.

Batun kwanciya kuwa, al'adarsu ce: namiji ya kwanta, mace ta durƙusa a kan gwiwa. Ba wanda zai tilasta wa baƙo. Yi irin tamu, wadda ba ta da kasawa. Ka russuna, ka riga ta gaisuwa da safe, in ta miƙo abu ka karɓa da hannun dama ko hannu biyu. Ka koyi gaisuwar safe da ta yamma da harshensu, ko da karyayye ne, za ka ga yadda fuska ke sakewa.

Ka kuma tuna su ma suna karanta ka. Kunyar nan tamu, ta sunkuyar da kai da taƙaita magana a gaban babba, wanda bai san mu ba yana iya ɗaukarta girman kai ko ɓoye wani abu. Ka ga ashe kowa na iya zaluntar ɗan'uwansa da kallon farko.

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne yadda ka yanke cewa ba musulmai ba ne don ka ga 'yarta na zuwa coci. A Ibadan gida ɗaya za ka tarar da alhaji da fasto, uwa ɗaya uba ɗaya, ana cin naman layya tare. Kuma ko ba musulma ba ce, haƙƙin maƙwabtaka na nan. Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado.

Sabo ɗin da kake son komawa, tun 1916 aka kafa ta, kuma fataken goro da na shanu da suka raya ta da amanar 'yan gari suka yi ciniki, har bashi ake ba juna. Ka riƙa zuwa can sallar Juma'a ka ci tuwo, amma ka cika shekararka a gidan nan. In za ka dawo daga hutu, ka tafi mata da kilishi.

Mahaifiyarka na gaishe ka.