Yaya, ga amsar tambayarka a kan fatalwar Turawa da muke kallo

Yaya, na ga saƙonka tun daren Laraba. Ban amsa ba sai yau, don ba na son in yi maka magana raina a ɓace. Hoton da 'yata ta sa a zauren dangi ne ya jawo zancen: mu bakwai a falo, an kashe fitila, talabijin na nuna wani Bature shi kaɗai a bakin teku da shebur a hannu. Ta rubuta a ƙasa cewa al'adar gidanmu ce duk ƙarshen shekara. Kai kuma ka tambaya a gaban kowa, wai yaushe kallon fatalwar Turawa lokacin Kirsimeti ya zama al'adar jikokin Malam, har ka ƙara da cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Maganar ta yi min ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma kai babba ne, na kuma san ba da mugun nufi ka yi ta ba, don haka bari in warware maka zare da abawa.

Ka fara sanin yadda Disamba take a Manchester. Rana ba ta fitowa sai bayan takwas na safe, kafin huɗu na yamma Magariba ta yi. Wajen shida ka idar da Isha'i, ga dare nan a gabanka dogo, ga ruwa, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Ba dandali, ba zaure, ba ƙofar gidan da za ka shimfiɗa tabarma maƙwabci ya zo ku taɓa hira. Makarantu da ma'aikatu duk a rufe. Ba ma bikin Kirsimeti. Ba a taɓa kafa bishiya a gidan Baba ba, kuma babu ita a nawa. Hutu ne da ƙasa ta ba kowa, shi ne kaɗai lokacin da muke samun kanmu duka a ɗaki ɗaya.

Baba, Allah ya jiƙansa, ya kawo mu nan a 1975 ina ɗan shekara bakwai, da ya zo ƙaro karatun zare bayan aikinsa na masaƙa a Kaduna. Talabijin ɗinmu ta haya ce, kuma tashoshi uku ne kacal a ƙasar: BBC1, BBC2 da ITV. Ta huɗu sai a 1982 ta zo. Abin da ka kalla da dare, shi maƙwabcinka ya kalla, shi za a yi zance a kai gobe a bas. Daga 1971 zuwa 1978, duk shekara in Kirsimeti ta kawo kai BBC kan nuna labarin fatalwa guda ɗaya, shirin da ake kira A Ghost Story for Christmas. Lawrence Gordon Clark ne ya ba da umarnin kusan dukansu, kuma biyar na farko daga labaran M. R. James aka ɗauko su, wani malamin jami'ar Cambridge da ya mutu a 1936. Shi wannan malami a ɗakinsa yakan tara abokai da ɗalibai a daren Kirsimeti, ya karanta musu labarin da ya rubuta a hasken kyandir. Ranar da Baba ya ji haka sai ya ce, to ai tatsuniya ce, sai dai su manya ke yi wa manya.

Na farko da na gani shi ne na 1976, The Signalman, daga labarin Charles Dickens. Da dare sosai ake nuna shi, an riga an kora mu barci, amma na lallaɓo na zauna a matakala ina leƙe ta kafar ƙofa. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai ba jirgi hannu, shi kaɗai a ɗan ɗakinsa cikin wani kwazazzabo, kusa da bakin ramin da jirgi ke bi ta ƙarƙashin tudu. Ƙararrawar ɗakin takan kaɗa, shi kaɗai ke jinta. In ya leƙa sai ya ga mutum tsaye a bakin ramin kusa da jar fitila, ya rufe fuska da hannu ɗaya yana ɗaga ɗayan. Duk sanda ya gan shi, sai wata masifa ta biyo baya a kan layin. Abin da ke cin ransa shi ne an gargaɗe shi, amma ba a gaya masa ina ne ko yaushe ne ba. Gargaɗi na uku ashe nasa ne. Ina cikin kallo haƙorana suka fara haɗuwa, Baba ya juyo ya gan ni. Na ɗauka duka zan sha. Sai ya yafito ni, ya zaunar da ni a gefensa, ya lulluɓe ni da bargonsa. Da aka gama ya sa na karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, sannan ya ce, tunda ka kalla, gobe da safe kai za ka ba Mama labarin daga farko har ƙarshe, kuma ban yarda in ji Turanci ko ɗaya ba.

Yaya, nan ne asalin al'adar da kake tambaya a kai. Tun daga ranar ya zama doka a gidanmu, duk wanda ya kalla sai ya maimaita da Hausa. A lokacin Turanci ya fara cinye mana harshe, ni da ƙannena, don shi muke ji a makaranta tun safe har yamma. A bakin murhu, Mama na dama koko, na koyi kalmar kwazazzabo. A nan na koyi bambancin fatalwa da aljani da kurwa, da abin da ake nufi in an ce tsigar jiki ta tashi. In na kakare sai Mama ta ba ni kalma, in na yi gwaranci ta sa in sake. Shekara huɗun da na yi a wurin Hajiya a Zariya sun gyara min harshe, gaskiya ne, amma da ban je da wani abu a baki ba, da ba a sami abin gyarawa ba.

Batun aƙida kuwa, kada ka damu. Mun san wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa ya tsaya a bakin rami. Baba kan faɗa mana haka duk shekara ana kashe talabijin. Kai ma ka san gizo bai taɓa auren ƙoƙi ba, amma ba ka hana 'ya'yanka tatsuniya.

Abin da ya riƙe Baba a kan shirye-shiryen nan daban ne da namu na yara. Shi ya tashi a zamanin da Bature ke yi wa mutanenmu dariya a kan camfi. Sai ga shi ya zo ƙasarsu ya tarar suna zama cikin duhu suna tsorata kansu da abubuwan da kakarmu ke hana mu. Akwai wani na 1968, baƙi da fari, Whistle and I'll Come to You, wanda muka gani da aka maimaita shi. Wani farfesa ne mai ji da iliminsa, wanda ba ya yarda da komai sai abin da hankalinsa ya kama, ya tsinci tsohon usur a maƙabarta a bakin teku, ya goge shi, ya busa. Daga nan barci ya ƙaurace masa, har daren da zanen gadon da ba kowa a kansa ya fara miƙewa a hankali. Farfesan nan mai surutu ya koma tsotson yatsa kamar jariri. Mama ko gezau, cewa ta yi, shi ba a gaya masa ba a fito da dare ba, kuma ba kowace tsintuwa ake ɗauka ba? Yawancin labaran James haka suke: mai ilimi ya taɓa abin da mutanen ƙauye suka ce a bari, ya raina gargaɗinsu, abin ya biyo shi gida. Baba ya ce daga nan ya daina jin Turawa wata halitta ce daban.

Ka ce me ke cikin tsofaffin finafinan da har yaran yanzu ke zama su kalla. Ni a ganina rashin kuɗi ne ya taimake su. Ba su da abin da za su ƙera dodo da shi, sai suka bar maka shi ka ƙera da kanka. Suna fita da kyamara zuwa wuraren gaske, tsohon coci, daji, bakin teku da hunturu, su bar shiru ya yi tsawo har ka fara jin numfashinka. Nigel Kneale ya rubuta wani shiri mai kashi shida a 1976, Beasts. A ɗaya daga ciki, wani mutum da matarsa ne a gidansu na ƙauye, ɓeraye suka kewaye su. Har aka gama ba a nuna ɓera ko ɗaya ba, sai ƙarar ƙwaƙularsu a ƙarƙashin daɓen katako tana ƙaruwa. Mama ta ɗaga ƙafafunta ta ɗora a kan kujera, ita da ta girma kusa da rumbu. Sannan kowane kashi labarinsa daban, mutanensa daban. Babu jarumin da ka san dole zai dawo mako mai zuwa, saboda haka babu wanda ka tabbata zai tsira. 'Ya'yana sun ga finafinan da ake zubar da jini bokiti-bokiti suna danna waya. Waɗannan ne kaɗai ke sa su kife wayar.

Sauran ba sai na ja ka da nisa ba. Tales of the Unexpected, wanda gidan talabijin na Anglia da ke Norwich ya yi daga 1979 zuwa 1988, shi ne na Mama, don makircin mutane ne a ciki ba fatalwa ba. Har ta rasu tana ba da labarin matar da ta kashe mijinta da daskararriyar cinyar rago, ta gasa ta, ta ba 'yan sandan da ke neman makamin suka cinye. Wasu kuma sun ɓata har abada, don a da ana goge kaset a sake ɗauka a kai. Dead of Night na 1972 kashi bakwai ne, uku suka rage.

Ba duka ne muka ji daɗinsu ba. Akwai wani kashi da aka gina a kan gunkin katako da aka ce daga Afirka ya zo, wai shi ke kashe mutane ɗaya bayan ɗaya. Baba ya tashi ya kashe talabijin bai ce uffan ba. Ranar Litinin a makaranta wasu yara suka laƙaba min sunan gunkin, sunan ya bi ni har ƙarshen shekara. Mun san yadda wasunsu ke kallonmu, Yaya. Mun san shi fiye da ku, don mu muka sha shi. Shi ya sa in dangi ma suka ce mun zama su, abin ke zafi biyu.

Yanzu bari in zo kan abin da na san yana ƙarƙashin tambayarka, wato matar da ke gefena a hoton. Shekara kusan talatin da aurenmu, har yau akwai masu kiranta Baturiyar wane a gida, ko da yake ta musulunta tun kafin mu haɗu, kuma ita ta yi jinyar Mama har ƙarshe. 'Yar Norfolk ce, wani yanki a gabashin Ingila. Ranar da Baba ya je neman auren, shi da mahaifinta suka zauna da shayi a gabansu, kowa na kallon kofinsa. Gumi ya karyo min duk da sanyin. Can Baba ya hango hoton wani bakin teku a bango, mai faɗin yashi da layin dogayen itatuwa, ya ce ya san wurin nan. Ashe Holkham ne, inda aka ɗauki wani ɓangare na A Warning to the Curious a 1972, wato wanda ka gani a hoton 'yata: mutumin da ya rasa aiki, ya je ya tono kambun sarautar da aka binne don tsare ƙasa, mai gadinsa da ya daɗe da mutuwa ya biyo shi. Surukina ya ajiye kofi. Suka shiga tuna wa juna wurin da ma'aikacin tasha ya riƙe ƙofar jirgi yana jiran mutum na biyu ya shiga, alhali ba a ga kowa ba. Washegari ya ɗauke mu a mota ya kai mu wurin. Baba na sanye da babbar riga a ƙarƙashin kwat, iska na kaɗa ta, suna tafe su biyu a kan yashi mu muna biye. Da rana ta yi ƙasa Baba ya ce lokacin salla ya yi, surukina ya cire kwat ɗinsa ya shimfiɗa masa.

Ku ma fa, Yaya, shekara nawa kuka yi kuna cika silima a Kano da Kaduna kuna kallon finafinan Indiya, har kuna rera waƙoƙinsu? Ban taɓa jin wanda ya ce kun daina zama Hausawa ba.

Ba zan yi maka ƙarya a kan 'ya'yana ba. Babbar tana jin Hausa sosai, tana yi. Autan yana ji, amma in zai yi magana sai ya yi ta laluben kalma, ƙ da k duk ɗaya ne a bakinsa. Zuwanmu gida na ƙarshe, ya gaishe da mutane a zaure aka kwashe da dariya, wani ya sa shi ya maimaita don a ƙara darawa. Daga ranar bai sake buɗe baki da Hausa ba har muka hau jirgi. Wata uku na yi ina lallashinsa.

BBC ta dawo da shirin a 2005, tun 2013 kuma Mark Gatiss ya shiga yin sababbi, amma mu tsofaffin muka fi komawa. Dokar Baba tana nan. A bana autan ne ya karɓi maimaicin da kansa, ba wanda ya sa shi. Ya tsaya a kicin da safe, uwarsa na soya ƙosai, ya ba da labarin mai shebur daga farko har ƙarshe, sau biyu kawai ya tambaye ni kalma. Na ɗauki muryarsa a waya, minti tara ne. Zan turo maka kai kaɗai, ba a zauren dangi ba. Ka saurara, inda ya yi kuskure ka gyara masa, amma don Allah ka kira shi ka gaya masa da bakinka. A gaida Yaya Babba da yara.