Ku Tambaya Mu Amsa: Katakon da Japanawa ke buga alawa da shi

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni mai sana'ar tuwon madara ce, to jiya na ga wani bidiyo a waya, wata mata a Japan ta cusa gari cikin wani katako ta ƙwanƙwasa sai ga alawa ta faɗo da siffar kifi har da ɓawonsa. Wai meye wannan katakon, sabon abu ne? Daga Hadiza, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hadiza. Ina fa sabo, ai abin ya tsufa. Sunansa kashigata, kuma ya yi ƙarfi ne a zamanin da Japanawa ke kira Edo, wato 1603 zuwa 1868. Da can suga sai gidan manya, don ta tashar jiragen ruwa ta Nagasaki ake shigo da shi daga waje, sai da aka fara noman rake a cikin gida, aka samu wani suga mai laushi sosai da suke kira wasanbon a tsibirin Shikoku, sannan alawar ta fara isa hannun talaka.

Aikin kamar buga bulo ne, ana dama garin shinkafa da suga da ɗan ruwa kaɗan, a danna a katakon, a buga ya fito. Wannan busasshiyar alawar ita ce rakugan, ana cin ta kafin a kurɓi koren shayinsu mai ɗaci.

Ni dai masassaƙin ne ya fi burge ni wallahi. Yawanci da icen wata bishiya da ake kira ceri yake aiki, wanda sai an ajiye shi shekaru ya bushe don kar ya tsage ko ya lanƙwashe, kuma a juye yake sassaƙawa kamar hatimi, inda zai yi tudu a alawar shi rami zai haƙa, hagu ta koma dama, in hannu ya zarce sau ɗaya shikenan katako ya tashi aiki.

Kifin da kika gani kuwa sunansa tai, na biki ne, saboda sunan ya yi kama da kalmarsu ta murna, medetai. Akwai na kunkuru ma, alamar tsawon rai.

Yanzu masu sassaƙar 'yan ƙalilan ne suka rage, roba da ƙarfe sun cinye kasuwa. Amma a birnin Kanazawa na Japan shagon alawa na Morihachi, da aka buɗe tun 1625, ya jera tsofaffin katakan nan sama da 1,000 ana zuwa kallo. Naki tuwon madarar kuwa, gwada da na roba tukuna, amma ki shafa mai kar ya manne.