Ku Tambayi Yaya: Na rabar da kayana, na rungumi kiɗa da ilimin ɓoye

Salam Yaya, da fatan kina lafiya, ya aiki ya haƙuri da mu. Dan Allah shawara nake nema amma kar ki yanke min hukunci kafin ki gama karantawa, dan kusan duk wanda na faɗa wa da a'uziyya yake farawa. Ni matashi ne na gama karatu ina ɗan aikina, amma tun bara naji duniyar ta ishe ni, siye-siye da gasa da nuna wa juna a soshiyal midiya, sai na fara rage kayana, yanzu ɗakina daga katifa sai laftof sai ɗan kibod ɗin da nake haɗa kiɗa sai tufafi kala biyar, kuma wallahi tunda nayi haka naji kaina ya yi sakayau. Kiɗan ma ba na rawa bane, mai sanyi ne, sauti ɗaya nake ta maimaitawa a hankali har sai naji kamar na bar jikina. A nan ne na faɗa karance-karancen ilimin ɓoye, taurari da lissafin haruffa da katin tarot, har na shiga wani guruf a intanet, shugaban yace ina da baiwa, ya buɗe min kati ya faɗa min abubuwa game da ni da ko mahaifiyata bata sani ba. Yanzu yace in dai inaso in hau mataki na gaba sai na biya kuɗin shiga, in kuma janye jiki daga 'yan gida na wata shida dan suna toshe min haske. Ni dai ji nake wannan ce hanyata, ukun nan abu ɗaya ne a wajena. Me kika gani?
Ƙaninki mai neman hanya

Wa alaikassalam ƙanena. Na karanta har ƙarshe, kuma gajiyar nan da kace kayi da siye-siye da gasa ban ga laifinka ba ko kaɗan, mutane da yawa suna jinta sai dai basu da ƙarfin halin da za su ɗauki mataki. Amma inda kace ukun nan abu ɗaya ne, nan ne ban yarda ba. Duba wasiƙarka da kanka. Rage kaya ya baka sakayau a kai, kiɗa ya baka wani abu da za ka iya kunna wa mutum yaji da kunnensa, shi kuwa na ukun kawo yanzu me ya nema? Kuɗinka da danginka.

Bari in fara da abin da yafi kama ka, wato yadda ya faɗa maka sirrinka. A 1948 wani malamin sanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Bertram Forer ya yi wa ɗalibansa gwaji, bayan kwana kaɗan ya miƙa wa kowa takarda yace ga bayanin halinka kai kaɗai, yace kowa ya ba shi maki daga sifili zuwa 5 kan yadda bayanin ya dace da shi. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai wajen 4.3. Daga baya ne ya gaya musu takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma jimlolin ma daga wani ɗan littafin taurari na kan teburin masu sayar da jarida ya tsinto su. Irin maganganun nan ne, kana son a so ka amma kana yawan zargin kanka, kana da baiwar da baka gama amfani da ita ba, a waje ka dake amma a ciki akwai damuwa. Wa za a faɗa wa haka yace ba shi bane? Ga kuma wani abu, kai da ka daɗe a guruf kana rubutu kana amsa tambayoyi, ai ka riga ka ba shi rabin labarinka da hannunka, sauran kuma kai kake cike masa a ranka ba tare da ka lura ba. In kana so ka gwada abu ne mai sauƙi, ka kwafi abin da ya rubuto maka, ka goge sunanka, ka tura wa abokai uku kace su duba ko ya yi kama da su, sai ka zauna ka jira amsa.

Shi kansa katin tarot ɗin da ake cewa sirrin tsohuwar Masar ne, a arewacin Italiya ya ɓullo wajen shekarun 1440, kuma karta ce ta wasa da masu hali ke bugawa a lokacin. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya fito yace hotunan jikin katin hikimar limaman Masar ce da aka ɓoye, alhali a lokacin babu wani mahaluki da ya iya karanta rubutun tsohuwar Masar ɗin, sai a 1822 wani masani mai suna Champollion ya fara warware shi. Wato dai shi de Gébelin ɗin ya faɗi abin da ba shi da hanyar sani, abin ya yi wa mutane daɗi suka ɗauka har yau. Ni kuma a imanina, tunda da sallama ka fara nasan ka san wannan, gaibu Allah ya bar wa kansa sani, yana nan a suratun Namli aya ta 65, kuma duk wanda yace yana da makullinsa a farashi kaza to ka riƙe aljihunka da imaninka duka biyu.

Akwai wani da ya bi kusan irin hanyarka sak, inaso ka san labarinsa dan ba duka ne mai daɗi ba. Erik Satie, mai tsara kiɗan fiyano ɗan Faransa, an haife shi 1866. Kiɗansa irin naka ne, a hankali, ba tarkace, har yau ana sauraronsa. A 1891 ya shiga wata ƙungiyar asiri ta Rose-Croix ƙarƙashin Joséphin Péladan yana tsara musu kiɗan bukukuwansu, ba a jima ba suka ɓata ya fice, a 1893 ya kafa nasa cocin wanda shi kaɗai ne mamba. A 1898 ya koma ɗaki ɗaya a Arcueil a gefen birnin Paris, yana takawa da ƙafa wajen kilomita goma zuwa cikin gari, kuma shekara 27 babu wanda ya bari ya leƙa ɗakin nan. Da ya rasu a 1925, ciwon hanta ne sakamakon giya, abokansa suka buɗe ƙofa, abin da suka tarar ƙura ce da datti da tarin lema, da fiyano biyu an ɗora ɗaya kan ɗaya, na saman ya zama ma'ajiyar wasiƙu, da kiɗe-kiɗen da ya rubuta ba wanda ya taɓa ji, wasu a bayan fiyano wasu a aljihun riguna. Duk sanda na tuna takardun nan na cikin aljihu sai naji wani iri, dan mutumin yana da masu sonsa, ƙofar ce kawai ya ƙi buɗe musu.

Kuma ka lura da wannan, ƙungiyar asirin shekara ɗaya zuwa biyu ta yi a rayuwarsa ta wuce. Abin da ya ƙara wa kiɗansa ƙarfi shi ne a 1905, yana ɗan shekara 39, ya sauke kai ya koma makarantar kiɗa ta Schola Cantorum ya zauna da yara yana koyon ƙa'ida har ya samu takardar shaida bayan shekara uku. To kaima in kana son kiɗanka ya yi nisa ta nan za ka bi, ka samu wanda ya fi ka ya koya maka, ka yarda a ce maka nan bai yi ba. Shi ko yanayin da kake shiga in kana maimaita sauti ɗaya, ba ƙarya kake ba kana jinsa, haka ƙwaƙwalwa take yi in aka daɗe ana bata abu ɗaya cikin shiru, musamman da dare ga gajiya, amma wannan ba hujja bace cewa an buɗe maka wata ƙofar sama. Maganar halaccin kiɗa kuwa malamai sun daɗe suna saɓani, Imam Ghazali da ya rasu 1111 ya ware babi guda a littafinsa Ihya kan sauraro da sharuɗɗansa, wasu kuma sun hana, wannan ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa ido da ido.

Batun wata shidan nan shi yafi tayar min da hankali. Rage kaya da kiɗan kaɗaici da karatun asiri, kowanne a cikinsu ciki yake jan mutum, in ka haɗa su uku sannan wani yazo yace toshe ɗan abin da ya rage, ka zama mai ɗaki ba taga kenan, ko hayaƙi ya tashi ba wanda zai gani daga waje. Ƙungiyoyin da suka halaka mabiyansu da haka suke farawa, yabo da farko, sai matakai, sai kuɗi, sai raba ka da duk wanda zai iya ce maka anya kuwa. Akwai wata da ake kira Haikalin Rana, a watan Oktoba 1994 kaɗai mutum 53 suka mutu a Suwizalan da Kanada, kuma da yawansu masu ilimi ne da abin hannu, ba wawaye bane. Ban ce guruf ɗinku zai kai can ba, amma ban taɓa jin mai son ka da alheri ya fara da raba ka da mahaifiyarka ba, masu zuhudu na gaskiya dukiya suka saki basu saki zumunci ba. Ka rubuta masa kace ba za ka biya ba kuma ba za ka bar gida ba, sai ka ga ko baiwar taka tana nan a bakinsa. Kayan da ka rage kuwa ka cigaba da abinka, sai dai kar ya zama wata sabuwar gasar ta wa yafi rashin kaya, ka bar kujera ɗaya ko tabarma dan baƙo, kuma satin nan ka kira mutum ɗaya daga gida ka kunna masa abin da ka haɗa.

*

Yaya barka da aiki. Naga ana ta yaɗawa wai kiɗan da aka saita a 432 shi ne ya dace da halitta yana warkar da jiki, wai 440 da ake amfani da shi da gangan aka ƙaƙaba dan a rikita mutane. Ni yanzu da shi nake kwana a kunne da iyafis har asuba. Gaskiya ne?
Ƙanwarki

Ƙanwata, lambar nan tana nufin sau nawa sautin da ake saita kayan kiɗa da shi ke kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, ita kuma daƙiƙa ai mutane ne suka yanka ta haka, to kinga babu yadda za a yi 432 ta zama wata lamba ta musamman a wajen halitta. A da kowane gari da yadda yake saita kayan kiɗansa, Faransa ta tsayar da 435 a 1859, sai a wani taro a Landan a 1939 aka amince da 440 dan makaɗa daga ƙasashe daban-daban su iya haɗuwa ba rikici, ga kuma rediyo da ya shigo. Bambancin 432 da 440 ɗan kaɗan ne, ya ɗan fi ƙasa kawai, in yana miki daɗi ki saurara ba komai, amma kar ki ajiye maganin likita saboda shi. Abin da yafi damuna iyafis ɗin nan har asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce awa 40 a sati yana sauraro a ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), in an ƙara ƙarfi lokacin raguwa yake sosai, kuma ƙananan ƙwayoyin ji na cikin kunne in suka mutu basa sake tsirowa. Ki rage murya, ki saita waya ta kashe kanta bayan rabin awa, in da hali ma ki bar shi a sifika can gefe. In kin fara jin ƙara siii a kunne bayan kin cire, to ki je a duba ki.

*

Yaya ki taimaka, ƙanina ne. Makaɗi ne, kwanan nan ya rabar da komai har gitar da yafi so, baya barci baya cin abinci sosai, yana cewa ana aiko masa da saƙo ta cikin sautin da yake haɗawa kuma ya kusa tafiya. Abokansa sunce tafiyar ruhi ce mu ƙyale shi.
Yayarsa da hankalinta ya tashi

'Yar'uwa kar ki ƙyale shi, kuma kar ki jira sati mai zuwa. Mai rage kaya dan neman sauƙin rayuwa tarkace yake fitarwa ya riƙe abin da yake so, shi ko wanda ya bada abin da yafi ƙauna yana kuma maganar tafiya, wannan na cikin alamomin da likitoci ke cewa a kula da su ga mai tunanin kashe kansa. Ga rashin barci ga jin saƙo, su ma alamu ne na rashin lafiyar ƙwaƙwalwa da ake magani kuma ana samun sauƙi, musamman in an je da wuri. Ki zauna da shi ba faɗa ba gardama kan ko saƙon gaskiya ne, kice kin ga baya barci kuma kin damu, sannan ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar bata saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ku kawar da magunguna da duk wani abu mai haɗari daga inda yake, kar a bar shi shi kaɗai da dare, ku samu wani babba da yake jin maganarsa ku kai shi asibiti wajen likitan ƙwaƙwalwa yau ko gobe, addu'a kuma ku haɗa da ita kuna tafe. In ya ƙi zuwa, ke ki je ki yi wa likitan bayanin duk abin da kika gani, har ranar da ya fara daina barci, za su gaya miki yadda za a kawo shi. Allah ya ba shi lafiya, ki sake rubuto min yadda ake ciki.