Dom da Daleb: Wacce Ce Goruba, Wacce Ce Giginya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni haifaffen Mai Wurno ne, a ƙasar Sudan. A kasuwar Sinnar muna cewa dom da daleb, kakata kuwa goruba da giginya take cewa. Itace ɗaya ne mai suna da yawa? Kuma ina kalmar dom ta samo asali?

Amsa: Ɗan'uwa, ka gaishe mana da kaka, domin ita ce da gaskiya. Itatuwa biyu ne. Dom ita ce goruba, daleb kuma giginya. Abin da ke sa a haɗa su shi ne ganye: dukansu nasu a baje yake kamar mahuci, saɓanin na dabino mai tsawo.

Daga nesa ma ana rabe su. Giginya miƙewa take sambal ba reshe, da ɗan kumburi a can sama. Tsawon nan nata ne ya sa Bahaushe ke mata kirari da "na nesa ka sha inuwarki". Goruba kuwa tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, abin da ba a cika gani ba a dangin dabino.

Dom tsohuwar kalmar Larabci ce, daum. Ƙamusun da, irin su Lisanul Arab, sun fassara ta da itacen muƙul, wato sunan 'ya'yanta. Bakin mutanen Sudan da Masar ne ya mayar da "au" ta koma "o", kamar yadda yaum ta koma yom. Daga nan Turawa suka ara, suka ari daleb ma. Unguwar Ummu Dom da ke gabashin Khartum sunan nan take ɗauke da shi. Sai dai ka kiyaye, a Falasɗinu idan aka ce dom 'ya'yan kurna ake nufi, waɗanda ku kuke kira nabag.

Masana tsirrai suna kiran goruba Hyphaene thebaica, daga Tibis, tsohon birnin Fir'aunoni da ke Luksor ta yau. An ma samu 'ya'yanta a kaburburan mutanen wancan zamani.

Ni abin da ya fi damuna shi ne sauran sunayen da ke salwanta a bakin yaranmu na nan. Kaba ita ce ganyen ƙaramar goruba, wadda ake saƙa tabarma da faifai da igiya da ita. Ƙodago shi ne ƙwallon nan mai tauri da ke saura bayan an gwigwiye ɓawon. Muruci tsiron ƙwallon giginya ne da ake tonowa a dafa, shi ne haluk ɗin da kuke saye a kasuwa. Azara kuma gungumen giginya ne da aka tsaga don rufin soro, gara ba ta cika cin ta ba.

Ka zauna da kaka ka tambaye ta ƙwalshi, za ta ba ka labarin yadda suke fasa ɗanyar goruba suna yara.