Tambaya da Amsa: Me Ciwon Nitso Yake Yi wa Jijiyoyin Jini?

Tambaya: Ƙanena yana aikin nitso a rijiyoyin mai na cikin teku. Kwanan baya ya fito daga ruwa da ciwon gwiwa da kasala, likita kuma ya ce kumfa ce ta shiga jininsa. Shin wannan kumfa tana lalata jijiyoyin jini? Daga wata mai karatu a Fatakwal.

Amsa: Malama, Allah ya ƙara masa lafiya. Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, kuma duk mita 10 da mai nitso ya ƙara a zurfi, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar doron ƙasa, sai naitirojin ta riƙa narkewa cikin jini da tsoka. Idan ya taso da gaggawa, sai ta ɓalle ta zama kumfa, kamar kwalbar lemo da aka buɗe farat ɗaya. Masanin Faransa Paul Bert ne ya tabbatar da haka a 1878.

Mutane da yawa suna ɗauka toshe hanyar jini kaɗai kumfar take yi, amma a ganina ɓarnar da ta fi muhimmanci tana bangon jijiyar. Cikin kowace jijiya akwai siririyar shimfiɗa mai fitar da sinadarin da ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe. Kumfa tana kankare wannan shimfiɗa, jijiyar ta kasa buɗewa yadda ya kamata, ƙwayoyin daskarar da jini su taru a wurin, kumburi ya biyo baya, ruwan jini kuma ya riƙa tsiyaya zuwa cikin nama har jinin ya yi kauri. Shi ya sa ciwon kan ci gaba ko bayan kumfar ta narke, kuma idan ya taɓa laka ƙafafu na iya shanyewa.

Huhu yakan tace mafi yawan kumfar. Sai dai kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da ƙaramar ƙofa tsakanin ɗakunan zuciya na sama, wadda kumfa kan iya bi ta kai ƙwaƙwalwa, don haka ya dace a yi wa ƙanenki hoton zuciya.

Maganin gaggawa shi ne iskar oksijin zalla, ƙarin ruwa, da ɗakin matsin iska na asibiti. Ki roƙe shi kada ya koma nitso ko ya hau jirgin sama har sai likitan da ya san wannan ciwo ya sahale masa.